Maigidana ya dawo daga bakin daga, ya ce bana babu Sallah a gidanmu

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar soja ce, shekarata 11 a bariki, yaranmu uku. Maigidana saje ne. Wata 22 ya yi a Borno bai leƙo gida ba, sai makon jiya aka ba shi fas, wato izinin zuwa gida, Allah kuma ya sa zai haɗa da Babbar Sallah. Bana Sallar Juma'a ce, hutu har Litinin. Tun azumi nake zubin adashi, na ɗinka wa yara kaya, shi ma ya turo kuɗin rago tun kafin ya taso.

Yana isowa sai ya ce bana babu Sallah a gidan nan. A je Idi a dawo, shi ke nan: ba sabon kaya, ba yawo, ba zuwa ƙauye wajen Hajiyarsa. Ragon ma wai a ba mai adaidaita ya kai wa matar amininsa. Aminin nan tare suka fito daga Dafo, makarantar horar da sababbin sojoji a Zariya, ɗakinsu yana kallon namu. Bara motarsu ta taka nakiya a wajen sintiri ya rasu, aka binne shi a Maiduguri. Ranar maigidana ne ya kamata ya fita, zazzaɓi ya kwantar da shi, amininsa ya karɓe shi. Matar ta gama takaba ta bar bariki da yara huɗu, tana gidan iyayenta a cikin gari, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Har yau bai je mata gaisuwa ba. Ina gyara jakarsa na ga wata safa a ƙulle, cikinta agogo da carbi da ƙaramar waya. Na gane agogon.

Ba ya barci. Shekaranjiya yara suka fasa nokawut a bayan layinmu, ya daka wa autanmu tsawar da har yanzu yaron yake raɓe-raɓe. Mata a bakin famfo kuma sun fara ce mini in buɗe ido, wai daga rago ake farawa. Ni kaina sau ɗaya na je wajenta tun da ta tashi, ba na iya haɗa ido da ita, nawa yana raye nata babu. Gwaggo, son kai nake yi da nake so yarana su yi Sallah da ubansu? Yaya zan yi?

Matar Saje

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara sauke miki nauyin da ya fi sauƙin saukewa. Macen da ta yi wata 22 tana riƙe da gida ita kaɗai, ita ce kai yaro asibiti da tsakar dare, ita ce kwana da waya a ƙarƙashin matashi, in ta so 'ya'yanta su riƙe hannun ubansu zuwa Idi da sabuwar shadda a jikinsu, ba ta yi son kai ba. Wannan na gama da shi. Abin da ya tsaya mini a rai a duk wasiƙarki shi ne safar nan.

Ki duba da kyau. Mutumin da zai iya rabuwa da rago sukutum a wannan tsadar, amma ya kasa ɗaukar agogo ya yi tafiyar awa ɗaya, ya gaya miki wanne ya fi masa nauyi. Rago ana iya ɗora shi a adaidaita a ba direba kwatance. Agogo kuwa sai an yi sallama, an shiga, an zauna, an ɗaga kai an ga fuskar matar da yaran. Yana tsoron tambayar da yake zaton zai karanta a idonta: me ya sa shi, ba kai ba? Tun a can ya zauna ya yi wa kansa shari'a, shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake tuhuma, ya yanke wa kansa hukuncin cewa bai cancanci ya ci naman Sallah yana dariya ba. Matsalar ita ce hukuncin ya fantsama kan yara uku da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kuma bai kai wa matar marigayi ko abu ɗaya daga cikin abin da take jira ba.

Me take jira? Na zauna da matan sojoji da yawa da aka yi wa irin wannan rasuwa, kuma kusan bakinsu ɗaya. Da yawa daga cikin sojojin da suka faɗi a Arewa maso Gabas a maƙabartar barikin Maimalari da ke Maiduguri ake binne su, sau da yawa kuma iyali ba sa wurin. Mace ba ta ga gawa ba, ba ta ga makara ta fita daga ƙofar gida ba. Labari kawai aka kawo mata, ta shiga takaba ta yi wata huɗu da kwana goma a kan labari. Irin wannan macen tambayoyi ne suke kwana da ita. Ya sha wuya? Wa ya ɗauko shi? Wa ya yi masa salla, mutum nawa ne a sahu? A wane layi kabarin yake? Daren ƙarshe me ya ci, me ya ce, ya ambaci yaran? Takardar da aka ba ta ba ta amsa ko ɗaya. Maigidanki bai fita sintirin ba, amma yana sansanin. Da shi aka yi hirar ƙarshe, shi ya kwance agogon ko aka miƙa masa. Duk duniya mutanen da ke riƙe da amsoshin nan ba su da yawa, kuma ga ɗaya a ɗakinki ya kasa barci.

Bari in ba ki labarin gidanmu, don ni ma ruwan famfon bariki na sha na girma. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙin basasa, ya fito da ɗingishi da kuma shirun da bai taɓa warkewa daga gare shi ba. Duk Babbar Sallah, washegarin yanka, kafin kowa ya sa wuƙa a jikin ragon da ya kwana a rataye, shi da kansa yake zare cinya guda. Ya sa ta a langa mai murfi, ya ɗaure da tsohon ɗankwalin Innarmu, ya ɗora mini a ka. Yana gaba da sandarsa ina biye, har gidan wata tsohuwa a bayan tasha. Haushi kamar ya kashe ni, ƙawayena suna can suna yawon Sallah suna tara kwabbai, ni ina kan tabarma ina kallon tsohuwa tana ɓare goro. Shi kuma a bakin ƙofa yake zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba wata hira suke yi ba. Sai can ta ce, "Ka ce bai tafi da ƙishirwa ba ko?" Ya ce, "Da hannuna na ba shi ruwa, Inna." Ta ce alhamdu lillahi, ta kwance bakin zani ta ba ni kwabo goma. Kowace shekara tambayar nan, kowace shekara amsar nan, har ta rasu. Na kai shekara goma sha biyar kafin in gane ɗanta ne ya mutu a hannunsa.

Abin da nake so ki ji a labarin shi ne abin da ke biyo baya. Kafin mu je gidan nan Baba ba ya sa nama a baki, ba a kuma yi masa wasa. Muna fitowa sai ya zama wani mutum. A hanya zai saya mini balan-balan, ya dawo gida ya zauna bakin kaskon suya yana tsokanar Innarmu wai ta cika gishiri. Sallarsa ta ƙofar tsohuwar nan take bi ta shigo gidanmu. Ina kyautata zaton ta maigidanki ma ta ƙofar matar amininsa za ta bi.

Kuma ba mu muka fara ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙafarsa ya taka gidan matarsa Asma'u 'yar Umais. Ya ce a kawo masa 'ya'yan Ja'afar, ya rungume su idanunsa suna zubar da hawaye. Sannan ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Bayan kwana uku ya koma, ya ce daga yau kada a sake yi wa ɗan'uwana kuka, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski. Ki ga jerin: zuwa da kai, sannan abinci, sannan a sa wa makoki iyaka a mayar da yara cikin rayuwa. Maigidanki ya ɗauki na tsakiya ya bar na farko da na ƙarshe. Shari'a ba ta ba kowa zaman makoki fiye da kwana uku ba in ba matar mamaci ba, ita ma an yanka mata wa'adi. Kwanakin da ke bin ranar Layya kuwa Annabi da bakinsa ya kira su kwanakin ci da sha da ambaton Allah. Hana yara sabon kaya ba ya ƙara wa marigayi ko ƙwayar lada a kabarinsa. Addu'a tana isa gare shi, sadaka tana isa, kula da marayunsa kuwa ba sai an faɗa ba.

To ta yaya za ki tunkare shi? Kada ki fara da yara, kada ki fara da adashinki, duk da kina da gaskiya a duka biyun. In kika fara da su zai ji kamar ana auna shaddar yara da ran amininsa, ya ƙara ƙanƙamewa. Kada kuma ki tayar da maganar da tsakar dare lokacin da idonsa biyu yana kallon silin. Ki bari sai bayan Asuba, ko lokacin da hannunsa ke kan wani aiki, yana goge takalmi ko yana ba rago dusa. Irin waɗannan mazan sun fi iya magana in kina gefensu, ba kina gabansu kina kallon ƙwayar idonsu ba. Ki fara da naki laifin, don kina da shi: "Oga, ni fa kunyar matar nan nake ji. Sau ɗaya na je tun da ta tashi, na kasa komawa." Ki yi shiru ki bar maganar ta zauna. Sannan ki ce, "Na ga amanar da ke cikin jakarka. Kayan marayu ne, bai kamata su sake komawa Borno ba. In ka yarda mu kai tare, ni zan shiga gaba." Kalmar amana da kalmar marayu soja Musulmi yana jin su. Kuma gaskiya ce tsagwaronta: agogon nan da wayar nan gado ne, suna da masu su, kowane kwana da suka ƙara a jakarsa nauyi ne a wuyansa.

Kada ki ɓata bakinki wajen maimaita masa cewa ba laifinsa ba ne. Ya san ajali, ya san ba shi ya dasa nakiya ba, ya san da ranarsa ce da zazzaɓi bai hana ba. Kansa ya sani, ƙirjinsa ne bai yarda ba tukuna, kuma ƙirji ba ya yarda don an yi masa wa'azi sau goma.

Shawarata kada ku jira Sallah. Ku je Laraba ko Alhamis, ranar jajibere, ku biyu, ba yara, ba nama, ba buhun shinkafa. Dalilina biyu. Zuwan farko na gaisuwa ne da sauke amana, za a yi kuka, kuma bai kamata a kai wa yaran matar nan sabon kuka ranar Idi ba. Na biyu, in aka haɗa agogo da cinyar rago a tafiya ɗaya, abin zai yi kama da biyan diyya, ita za ta ji haka, shi ma zai ji. Ki kira ta tukuna ki ce kuna tafe, kada ku faɗo mata kamar daga sama. Tunda gidan iyayenta ne, a fara gaida mahaifinta a zaure, a nemi ya zauna ko wani ɗan'uwanta ya zauna a wurin. Ki sa kayanki na kullum, ki bar sarƙar a gida.

In an zauna, ki bar shi ya faɗi abin da ya sani, in ta tambaya ya amsa. Kada ya ƙirƙiro mata abin da bai gani ba don ya sanyaya mata rai, wata rana wani zai ba ta labari daban ta rasa wanda za ta yarda da shi. Kada kuma ya zayyana mata abin da nakiya ke yi wa jikin mutum, wannan nasa ne da likita. Tsakanin biyun akwai gaskiya mai yawa da za ta iya ɗauka: wanda ya ja sallar, inda kabarin yake, abin da marigayi yake yawan faɗa a kan yaransa, wasan da ya yi a daren ƙarshe. Maganar cewa shi ya karɓe shi aikin ranar, in ba ta sani ba, gara ta ji daga bakinsa da ta ji a bakin famfo. Ba zan yi miki alkawarin abin da za ta ce ba. Wata za ta ce Allah ya riga ya rubuta, ta ma ba shi haƙuri. Wata za ta yi shiru har ku tashi. Wata za ta faɗi magana mai zafi. Duk wadda ta zo ku ɗauka, ba kun je karɓar takardar wankewa ba ne. In ta yi zafi, ke ki koma bayan kwana biyu ke kaɗai.

In zaman ya yi sauƙi, kafin ku tashi ki roƙi arziki a ba ki 'yan matan su zo a yi musu kitso da lalle tare da taki, shi kuma ya kwashi mazan ya haɗa da nasa ya kai su aski. Tela ba zai karɓi ɗinki yanzu ba ko da kuka za ki yi masa, amma kasuwa ba ta rasa na kanti.

Ragon kuma a yanka shi a gidanku. Malamanmu na Malikiyya sun fi son mai layya ya haɗa uku, ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta, ba su kuma ƙayyade kason kowanne ba. Don haka in ya ga dama ranar Asabar ya kai rabin ragon gidan marigayi, ku tafi da yara su wuni tare, babu mai cewa don me. In yana son marayun nan su ma su ga an yi yanka a tsakar gidansu, abin da na san yana yi wa yaro daɗi fiye da naman kansa, to ba shi kaɗai ya fito daga Dafo tare da marigayi ba. Ya kira abokan kwas ɗinsu a waya, kowa ya kawo abin da ya samu, ko tunkiya ce a saya. Wannan ma zai rage masa jin cewa shi kaɗai ne ke ɗauke da mamacin. Abu ɗaya nake roƙo, kada a ɗauki hoton marayu da nama a sa a Facebook ko a WhatsApp. Na tsani abin nan.

Maganar matan bakin famfo ba zan daɗe a kanta ba. Kishin da ya ɗan taɓa ki ba abin kunya ba ne. Nana A'isha da kanta ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Nana Khadija ba, alhali ba ta taɓa zama da ita ba, kuma cikin dalilan har da yadda Annabi yake yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija da naman. Amma mutumin da ya kasa taka ƙofar gida ba neman aure yake yi ba. Rago a adaidaita ba ke a ciki shi ne abin da zai ba masu gulma abin taunawa. Ke a gaba da langa a hannu, yaranki a baya, ba su da ta cewa. In wata rana wata magana ta taso, ranar sai ki rubuto mini mu yi ta, ba yau ba.

Akwai abin da ya fi nama amfani da maigidanki zai iya yi wa matar nan, kuma shi ya fi ki sanin hanyarsa. Haƙƙin sojan da ya rasu a bakin aiki ba guda ɗaya ba ne. Akwai garatuti, akwai kuɗin inshorar rai, akwai fanshon iyali, akwai tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan mamaci. Kowanne da takardunsa, suna farawa daga bataliya, wasu su dangana da Hukumar Fansho ta Soja a Abuja. Macen da ta bar bariki, ga yara huɗu, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, sau da yawa wani ma ba ta san da shi ba. Ya tambaye ta, a gaban mahaifinta, wanne ya fito wanne bai fito ba, takardar shaidar rasuwa da ta aure da na haihuwar yara suna hannun wa. Ya kuma bincika sunan wa marigayi ya rubuta a takardar magaji. Sojoji da yawa tun suna samari suke cike ta da sunan uba ko wa, su yi aure su haifi yara ba su canza ba. Wanda aka rubuta sunansa wakili ne na karɓa, rubutun bai mayar da dukiyar marayu tasa ba, in aka samu saɓani kuma akwai malamai akwai alƙali. Saje mai igiya uku ya san samanja, ya san akawun bataliya, kiran waya biyu daga gare shi zai iya rage mata zirga-zirgar wata shida. Tunda kuma muna kan maganar, ki daure ki tambaye shi tasa takardar sunan wa ke ciki, a gyara kafin fas ya ƙare. Na san ba daɗin ji, amma ke matar soja ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ƙasa tana da ranar da ta ware don irin amininsa, 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashe renon Ingila. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu, a busa begila, a saki fararen tattabaru. Ban raina ba, Baba yana goge lambobinsa tun ana saura mako. Har sunayen barikokinmu tunawa ne: Kalapanzin a Kaduna da Cindit a Zariya daga yaƙin Bama suka samo suna, inda kakanninmu suka yi yaƙin duniya na biyu, Bukabu ta Kano kuma gari ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Mutum nawa ne cikin masu wucewa ta gaban Bukabu kullum suka san haka? Kowa a Arewa ya san sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma ya cancanci a sani, amma ki tambayi mutum goma sunan ko ɗaya daga cikin sojojin da suka faɗi tare da shi ki ji. Ƙaramin soja sunansa a bakin abokinsa yake zama. Kuma ranar da ta fi yi wa gidansa ciwo ba a Janairu take ba, safiyar Idi ce, lokacin da 'ya'yan maƙwabta ke fitowa kowa riƙe da hannun ubansa.

Hajiyarsa fa, ita ma wata 22 ta yi tana tashi tsakar dare saboda shi. Lahadi tata ce, ko da wuni ɗaya ne. In kin ga ya kafe a kan komai, ki kira ta ki gaya mata halin da ake ciki ba tare da kin kai ƙararsa ba, uwa tana da muryar da mata ba ta da ita. In duk da haka ya ce ba zai iya zuwa gidan marigayi ba, ki nemi izininsa ke ki je da yara. Amma safar ki bar masa. Kada ki ɗauke ta a ɓoye ki kai don ki hutar da shi, wannan tafiyar tasa ce, in kika yi masa ita ba zai gode miki ba.

Saura rashin barcin da tsawar. Kada ki ɗauke su wasa, kada kuma ki ce aljanu ne ko sammu. Jikin da ya yi kusan shekara biyu yana kwana da kunne ɗaya a buɗe bai san ya dawo gida ba, ƙarar nokawut da ƙarar harbi duk ɗaya ne a wurinsa kafin hankali ya raba. Likitoci sun san ciwon, suna da maganinsa, kuma yana kama jarumai kamar yadda yake kama kowa. A kwanakin nan kada ki matsa masa zuwa kallon hawa, ga cunkoso ga 'yan bindigar sarki suna ta ɓarin albarushi. Wani kawu ya kai yaran. Ki zaunar da autan ki gaya masa da kalmomin da zai gane cewa Baba ba shi yake jin haushi ba, ƙarar ce take firgita shi, shi kuma uban in ya huce ya ɗauki yaron ya ɗora a cinya, ko bai ce komai ba. A guji taɓa shi ba zato in ya samu barci ya ɗauke shi, a kira shi daga nesa. Limamin bariki soja ne, ya ga irinsa da yawa, zai fi sauƙin buɗe masa ciki. Daga nan sai likita, kafin ya koma: akwai asibitin bariki, akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri. In kuwa kika ji ya fara cewa gara shi ma ya bi amininsa, ko kika ga ƙwayoyi a aljihunsa, ko hannunsa ya fara kai wa gare ki ko ga yara, wannan ba na jira a gama Sallah ba ne. A ranar za ki samu liman ko magajiyar bariki ko wani babba da yake jin nauyinsa.

Wayar da ke cikin safar, irin ƙananan nan ne da sojoji ke riƙewa saboda daɗewar caji, ko? Shekara guda tana kashe. Ki nemo caja irin tata a kasuwar Mami ta bariki ki sa mata ta cika kafin ku tafi, ki haɗa da cajar ku kai. Kada ku kunna, kada ku duba. Wataƙila akwai hotuna, wataƙila akwai saƙon da ya rubuta sabis bai bari ya tafi ba, wataƙila ba komai sai lambobi. Ita za ta buɗe, a ɗakinta, ranar da ta ga za ta iya.